Ɗan Ƙanena Ne

Mutane sukan ce mini, Malam Yunus, ka yi haƙuri mana, abin da ya wuce ya wuce, mutumin nan ma ya riga mu gidan gaskiya. Na sani. Da hannuna na sa shi a kabari, kuma ba na sallah ban yi masa addu'a ba. Amma addu'a daban, haushi daban. Wallahi har yau in na tuna safiyar Talatar nan sai in ji abinci ya fita raina.

A shekarar 1963 ne. Ina koyarwa a wata 'yar firamare a Konduga, malamin wucin gadi, aji biyu a hannuna, daga alli sai bulala. Sai sanarwa ta zo cewa za a yi jarrabawar shiga babbar kwaleji a Zariya, an ware wa Lardin Borno kujera takwas, kuma wanda ya cika shekara ashirin da biyu ba ya shiga. Ni kuwa saura mini wata biyar in cika. Wato in na rasa wannan, shi ke nan, ni da allin nan sai mutuwa ta raba.

Na ci karatu kamar zan haukace. Na ari littattafan lissafi wajen hedimasta, na haddace wani tsohon littafin Turanci wanda gara ta cinye rabin bangonsa. Da lokacin rajista ya yi na hau motar gyaɗa na shigo Yerwa. Na karɓi fom, na je bakin Kasuwar Litinin wajen mai hoton nan da ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya ɗauke ni guda biyu, na fito kamar wanda aka kama da satar akuya. Takardar shaidar hedimasta tana aljihuna. Abu ɗaya ya rage, kuma a ganina shi ne mafi sauƙi.

Wai a shekarar da ta gabata an kama waɗansu 'yan wani lardi sun zo Yerwa sun ari uba, sun cinye kujerun Borno. Saboda haka aka kafa sabuwar doka: kowane mai neman shiga ya zo da mahaifinsa, mahaifin ya faɗa da bakinsa cewa ɗansa ne, ya dangwala yatsa a fom. Shi ke nan fa. Ba a ce ya yi lissafi ba, ba a ce ya yi Turanci ba.

To, bari in gaya muku ko wane ne mahaifina. Asalinmu Fulani ne. Annobar shanu ta bushiya ce ta share garken kakana, ya bar daji ya zauna unguwar Abbaganaram a Yerwa, 'ya'yansa suka shiga fataucin shanu. Mahaifina shi ne babba, Baffa Saleh ƙanensa. A kasuwar shanu ba wanda bai san shi ba. In ya buɗe murya yana ciniki, wanda ke ƙarshen kara yana jin sa. Ya taɓa tsayawa gaban alƙali ya yi magana sa'a guda a kan wani bijimi mai karyayyen ƙaho, bai haɗiye yawu ba. Mutumin da bakinsa ke nan.

Amma ni ne ɗan farinsa, kuma kun san halinmu da ɗan fari. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Kaka Hussainatu, mahaifiyarsa, a sashenta na tashi. Gida ɗaya muke, ƙofa ɗaya muke shiga, amma ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Wancan." "Yaron Kaka." Da na fara aiki na zama "mutumin Konduga". In na shigo zaure sai ya tuna da wata sabga a waje. Ni kuma Malam nake ce masa, kamar kowa. Ban taɓa jin zafin abin ba, don haka na ga ana yi a gidan kowa namu. Sunansa Abdulsalami. Ban taɓa faɗa ba yana raye, amma a fom ɗin nan na rubuta shi da manyan haruffa, na bi kowane harafi a hankali, na busa tawadar ta bushe: Yunus Abdulsalami.

Ta bakin Baffa Saleh na aika masa cewa ana nemansa a ofis. Amsar da ta dawo ita ce, "To." Ranar Talata da hantsi ya sa babbar riga ya fito, ya yi gaba da kamar taku talatin, ni ina biye. Haka muka ratsa gari.

Barandar ofishin cike take da iyaye da 'ya'yansu, an jera a kan benci. An fito da tebur waje, mai rajistar yana zaune, wani Mista Thomas da aka turo daga Ikko, sati uku ke nan da zuwansa garin. Ba ya jin Hausa ko ta sayen goro. Sai gumi yake yana fifita da fayil. A gefensa Ajimi yake tsaye, masinjan ofis, wani tsohon Babarbare da ya yi yaƙin duniya na biyu can ƙasar Bama, shi ne tafinta. Ajimi kuwa ya san mahaifina shekara da shekaru, ga kuma wasan nan na Barebari da Fulani. Yana hango shi ya washe baki.

"Wushe, wushe, bawana! Yau Bafillace a ofis? Wa ka bar wa shanun, ko sun kore ka ne?"

"Na bar wa ƙanenka yana kwashe musu kashi," in ji mahaifina. "Kai kuma har yanzu kana nan kana goge wa mutane tebur da furfurarka?"

Baranda ta ɗauki dariya. Ni ma na yi, ban san kaina nake yi wa ba. Wannan wasan shi ya juyo da idon kowa kanmu, har waɗanda ke tsaye a gindin bishiya suka matso su ji ƙarshensa.

Mista Thomas ya karɓi fom, ya dubi hoto, ya dube ni, ya yi tambayarsa da Turanci. Ajimi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, yana ƙyafta wa jama'a ido.

"Yallaɓai ya ce, wannan zabgegen saurayin da ke bayanka, ɗanka ne? Kai ka haife shi?"

Na ga ƙeyar mahaifina ta sunkuya. Ya tsura wa takalminsa ido. Mutumin da ke girgiza kasuwar shanu, sai ga murya ta fito can ƙasa.

"Ɗan ƙanena ne."

Ajimi ya tuntsire da dariya. Dattawan da ke kan benci suka riƙa gyaɗa kai, har na ji wani yana cewa, "Kai, mutumin nan akwai kunya, Allah ya yi masa albarka." Ka ji fa! Ana yanka ni, ana sa wa mai wuƙa albarka.

Mista Thomas ya tambayi abin da aka ce. Ajimi ya faɗa masa yadda aka faɗa, ya buɗe baki zai ƙara bayani, mutumin ya ɗaga masa hannu. Ya ce a sake tambaya. Aka sake, amsa ba ta canza ba. Ya ce a yi ta uku, a gaya wa dattijon ya yi tunani da kyau.

"Na Saleh ne," in ji mahaifina. "Ni rakiya na yi."

Mista Thomas ya ajiye fayil ɗin fifitarsa, ya ɗauki alƙalamin jar tawada, ya ja layi biyu a kan fom ɗina daga kusurwa zuwa kusurwa. A kan idona. Sunan da na zauna na ƙawata, ya ratsa shi kamar mai yanka kabewa.

Nan fa Turancin da na tara wa jarrabawa ya zubo gaba ɗaya. Na ce masa al'ada ce, na ce ɗan fari ne ni, na ce a wajenmu uba ba ya nuna ɗan farinsa a bainar jama'a, kowa a barandar nan ya san abin da amsar take nufi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a garinsu wanda ya haifi ɗa kamata sai ya sa a buga masa ganga. Ya ce bara ma da irin waɗannan labarai aka cuci lardin nan, shi kuma ba a turo shi ya fassara zuciyar kowa ba, abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta.

Ajimi, wanda dariya ta riga ta bar fuskarsa, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi nasa ne. Dubi hancin ma, dubi tsayin." Mista Thomas ya ce hanci ba shaida ba ne. Amma ya ce zai yi mini alfarma ɗaya. Jakar takardu za ta bar Yerwa zuwa Kaduna ranar Juma'a da sha biyun rana. Kafin nan, ko dattijon ya dawo ya ce i, ko in kawo Saleh ɗin da aka ambata, in cika sabon fom da sunansa. Baƙo, an ce ko da ido makaho ne, amma wannan har da toshe kunne ya haɗa.

Na juya in yi wa mahaifina bayani. Wayam. Ya tafi.

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba. Bayan la'asar na same shi a zaure shi da Baffa Saleh, na shiga na zauna a bakin ƙofar waje, na miƙe ƙafa, yadda ba zai fita ba sai ya tsallake ni. Na gaishe su. Baffa ya amsa. Shi kuwa ya shiga gyaran carbi.

"Malam," na ce, "kalma ɗaya ake nema. I. Ba a ce ka kira sunana ba, ba a ce ka dube ni ba. In ka ce i, na shiga jarrabawa. In ba ka ce ba, na rasa ta har abada, don baɗi shekaruna sun wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Tsakanina da shi bai fi kamu uku ba. Amma sai ya juya ga ƙanensa.

"Saleh, ka tambayi wancan, a garin nan wa bai sani ba? Abin da kowa ya sani, sai na tsaya gaban jama'a na yi shelarsa kamar maroƙi? A gaban Babarbare yana mini dariya?"

"Baffa, ka gaya masa takarda ba ta san abin da gari ya sani ba."

"Saleh, ka gaya masa ni ma ɗan fari ne. Har mahaifinmu ya bar duniya bai ce ni nasa ba ne. Me ya rage ni?"

"Ai shi ba a kira shi ofis ba! Shanu ya ba ka, shanu kuwa ba sa tambayar sunan uba!"

Na san na wuce gona da iri. Baffa Saleh, bawan Allah mai sanyin hali, sai zufa yake sharewa yana cewa, "Subhanallahi, Yunus, subhanallahi." Sai ga ƙarar sandar Kaka daga cikin gida. Ashe tana bayan ƙofa tana ji.

Na ɗauka za ta tsaya mini, tunda ita ta goya ni, ita ta sayar da tunkiyarta ta ɗinka mini rigar makaranta. Ina! Ni ta fara wankewa tas, ta ce bokon nan ya cire mini kunya daga ido. Sannan ta dubi ɗanta da alfahari ta ce haka ta raine shi, kuma da ya ce i a gaban taron nan da ba ta san inda za ta sa fuskarta ba.

"Kai kuma ɗan nema, me ya yi zafi? Saleh ba ubanka ba ne? Nono ɗaya suka sha. In takarda ake so, ya je ya dangwala musu yatsan, ai duk jini ɗaya ne."

"Kaka, in ya dangwala, sunansa zan ɗauka."

"To sai me? Suna a takardar Nasara suna ne? Sunanka na gaskiya ran suna aka raɗa shi, da rago."

Na dubi mahaifina ko zai ce wani abu. Carbinsa kawai yake ja. Na janye ƙafata, ya tashi ya fita masallaci.

Laraba da Alhamis ban zauna ba. Na je wajen Lawan, mai unguwarmu, ya rubuta mini shaida da ajami ya buga hatimi. Mista Thomas ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce doka ba ta ce mai unguwa ba, uba ta ce. Na roƙe shi ya shigar da dattijon cikin ɗaki su biyu da tafinta, a rufe ƙofa, na rantse masa in ba idon jama'a zai faɗa. Ya ce da gangan aka fito da tebur baranda don kowa ya zama shaida, in ya yi wa mutum ɗaya a ɗaki gobe za a ce an saye shi. Na rasa wanda zan fi jin haushi, mai kunyar ko mai dokar. Kowannensu yana kan gaskiyarsa daram, ni ne a tsakiya ana niƙawa.

Ranar Juma'a ƙarfe tara muka isa ofis ni da Baffa Saleh. Na ce masa ya zauna a benci tukuna, kada ya motsa. Ina ɗaga ido haka, sai me zan gani? Ga mahaifina can tsallaken hanya a gindin wata bishiyar maina, cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya saɓa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kai. Ya zo! Ba wanda ya kira shi, ba hanyar kasuwar shanu ba ce, ba hanyar masallaci ba ce. Wallahi sai da hawaye ya cika mini ido. Na ce a raina, bari jama'a su ragu, zai tsallako.

Ƙarfe goma ta yi. Baranda ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi, don ranar ƙarshe ce, mutanen Bama da Dikwa da Biu duk sun zubo. Yana nan tsaye. Sau biyu na ga ya sauke sandar ya tako har bakin kwalta, sai ya tsaya ya duba dama da hagu kamar mai jiran mota ta wuce, alhali ko jaki babu a hanyar, ya koma gindin bishiyar.

Da sha ɗaya ta gota, Ajimi ya ajiye tulun ruwan da yake cikawa ya tsallaka wajensa. Wannan karon ba wasa. Na ga yana magana yana nuna agogon ofis, har ya kama hannun rigarsa. Ya dawo shi kaɗai yana girgiza kai.

"Wai jiran wani mutumin Dikwa yake, zai kawo masa bijimai."

A ƙofar ofishin jarrabawa! Bijimai!

Sha ɗaya da rabi masinjan gidan waya ya jingine kekensa, aka fara ɗaure takardu da igiya. Na sauka daga baranda na taka har tsakiyar hanya. Ban san lokacin da kalmar ta fito ba, don ban taɓa kiransa da ita ba tun da aka haife ni.

"Baba!"

Ya ji. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Duk barandar ta ji, kowa ya waiwayo. Sai ya juya mini baya, ya sunkuya kan faifan wani mai goro da ke zaune a wurin, ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa yana tambayar ko ɗan Gwanja ne.

Na dawo. Na ce a ba ni sabon fom. Ajimi ya miƙo mini, amma bai saki gefen takardar ba.

"Yaro, ka yi tunani. Na yi shekara goma sha takwas a ofis ɗin nan. Abin da ya shiga jakar can ba ya gogewa."

Na ce, "Baba Ajimi, wanda ya kamata ya yi tunani ga shi can yana sayen goro." Na fizge takardar. Na rubuta Yunus Saleh, na danna alƙalamin har bakinsa ya huda takarda. Ba zan ɓoye muku ba, ba larura kaɗai ta riƙe hannuna ba, har da hushi. Na so ya ji a jikinsa.

Aka kira Baffa Saleh. Aka tambaye shi. Ya waiwaya tsallaken hanya, ya ce, "Ɗana ne." A wajenmu bai yi ƙarya ba. Ya dangwala yatsa. Mista Thomas ya buga hatimi, ya ba ni lamba arba'in da bakwai, ya yi murmushi karo na farko tun da na san shi, ya ce, "Ka gani? Gaskiya ba ta da wuya." Da ba don Baffa ya riƙe mini hannu ba, da ranar a ofishin 'yan doka zan yi Juma'a.

Bayan sati uku aka yi jarrabawar, a babban ɗakin taro na wata makaranta. Mu kusan hamsin ne, kowa da teburinsa, an manna lamba da hoto a kai. Da safe Kaka ta ba ni rubutu a ƙoƙo ta ce wani ne ya aiko. Na san wanin. Na shanye, don ba da rubutun nake faɗa ba.

Mai tsaron jarrabawa ya fara kiran suna. Ya ce, "Yunus Saleh." Ina zaune ina feƙe fensir. Ya sake, "Yunus Saleh! Lamba arba'in da bakwai!" Sai da na kusa da ni ya taɓa ni sannan na zabura na amsa. Mutumin ya zo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana duban hoton yana duban fuskata, ya ce wane irin ɗalibi ne bai san sunansa ba. Ɗakin ya yi dariya. Na ce barci ne bai sake ni ba.

Takardar farko wata sabuwar iri ce da ba mu taɓa gani ba. Ba a rubuta amsa, sai a ba ka guda biyar ka zaɓi ɗaya, ka baƙanta ɗan akwatin da ke gabanta da fensir. Tambaya ɗari cikin sa'a ɗaya, ga agogo a kan tebur yana ƙwas-ƙwas, ga zafin Yerwa, gumi yana ɗiga daga haɓata ina kare takarda da gwiwar hannu. Wani ɗan Biu a gabana ya tsallake layi ɗaya tun daga tambaya ta goma, bai lura ba sai a ta tamanin, ya kifa kai yana kuka. Ni kuwa ban taɓa samun kaina a sarari irin na ranar ba. Haushi ne ya yi mini jagora. Kowace tambaya na ɗauke ta kamar ita ta yi mini laifi. Bayan azahar aka yi lissafi da insha'in Turanci, na rubuta har yatsana ya yi kanta, na fito ban tsaya taɗi da kowa ba.

Wata biyu sakamako ya zo, aka manna a allon ofis. Cikin takwas ɗin ni ne na uku. Kafin in isa gida labari ya riga ni, domin wani ɗan boko ya karanta sunayen a kasuwar shanu. Sai ga fatake da dillalai da mahauta suna tururuwa rumfar Baffa Saleh. "Barka, Saleh! Ɗanka ya fitar da mu kunya!" Waɗansu da wasa suke yi, sun san zancen. Waɗansu kuwa baƙi ne, da gaske suke. Baffa ya rasa inda zai sa kansa. An ce mahaifina ma ya bi layi, ya ba ƙanensa hannu ya ce Allah ya sanya albarka. Da yamma ya aika da rago sashen Baffa.

A lokacin hushina ya ɗan sauka, na rubuta wasiƙa Kaduna ina roƙon a gyara sunan. Amsa ta zo layi biyu: sunan da aka yi rajista da shi, shi ne sunan ɗalibi. Na sake rubutawa, ba a ma amsa ba. Bakin alƙalami ya bushe.

Ranar tafiya da safe aka raka ni tashar mota. An ɗora akwatina a kan lodin busasshen kifi, direba yana ta hon. Kaka ta aiko da dambun nama a gwangwani. Mahaifina yana can gefe, wai ya zo duba wata mota da za ta ɗauki fatu. Sai na ji ya ce, "Saleh, ka ce wa mutumin Zariya ya kawo takardar nan a gani."

Na ciro takardar shiga kwalejin na ba Baffa, Baffa ya miƙa masa. Mahaifina bai yi boko ba, ko harafi ɗaya bai sani ba. Na zaci zai jujjuya ta ne ya mayar. Sai ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya ciro wata tsohuwar takarda da ta sha ninki, lasisinsa na fataucin shanu. Ya buɗe ta, ya jera su biyun a kan murfin wata ganga. Ya ɗora yatsa a kan sunansa a lasisin, dogon nan mai farawa da harafi kamar jinkar ɗaki. Sannan ya kai yatsan kan tawa takardar, ya fara bi layi-layi daga sama, a hankali, yana komawa ga lasisin yana dubawa yana dawowa. Ya kai ƙasa. Ya juya bayanta, ba komai. Ya sake farawa daga sama.

Ashe duk tsawon watannin nan ya ɗauka yatsa kawai Saleh ya ara mini. Ya ɗauka ko ta yaya Nasara ya san gaskiya, ya ajiye masa wurinsa a wani lungu na takardar.

Direba ya sake danna hon. Ya ninke lasisinsa ya mayar aljihu, sai da ya kuskure bakin aljihun sau biyu. Ya ɗauki tawa ya kakkaɓe mata ƙura da hannun riga. Na miƙa hannu in karɓa. A karo na farko a rayuwata ya dube ni ido cikin ido, na ga bakinsa ya buɗe, na tsaya ina jira, wallahi ko numfashi ban yi ba.

Sai ya juya ya ba Baffa Saleh takardar.

"Ungo, ba ɗanka. Ka ce ya adana ta da kyau."